Gadufawa: Duwatsun da Suka Riƙe Labarin Tenere Tun Kafin Hamada

A jihar Agadas, fiye da kilomita 150 kudu maso gabas da birnin, a bakin hamadar Tenere, akwai wani fili da ake kira Gadufawa. Babu gari a wurin, babu gona, inuwa ma sai wadda matafiyi ya zo da abinsa. An ce ma'anar sunan a harshen Abzinawa ita ce wurin da raƙuma suke tsoron shiga, kuma duk wanda ya san haƙurin raƙumi ya san wannan suna ba ƙaramar shaida ba ce. Amma a manyan makarantun duniya inda ake koyar da tarihin ƙasa da na halittu, sunan Gadufawa sananne ne kamar yadda sunan Arlit yake sananne ga masu cinikin uraniyom. Dalili kuwa shi ne, a cikin duwatsun wannan fili akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu shekara miliyon 110 ko fiye da suka wuce, kuma wurin yana cikin mafi arzikin irinsa a duk nahiyar Afirka.

Waɗannan ƙasusuwa dukiyar ƙasar Nijar ce. Ya kamata ɗan ƙasa ya san abin da suke, da yadda suka zo wurin, da abin da zai iya lalata su, domin mutum ba ya tsaron abin da bai san darajarsa ba.

Ƙasa hawa-hawa take

Masu ginar rijiya sun daɗe da sanin abin da masana duwatsu suke koyarwa a jami'a. Mai gina yakan fara da rairayi, ya shiga jar ƙasa, ya tarar da tsakuwa ko marmara, ya ratsa yumɓu, kafin ya kai ga yashin da yake ɗauke da ruwa. Ya kuma san cewa shimfiɗar da take ƙasa ta riga ta sama kwanciya, kamar yadda tabarmar da take ƙarƙashin tari ita aka fara shimfiɗawa. A kan wannan ƙa'ida aka gina ilimin duwatsu. Kowace shimfiɗa aka bi ta aka gane iyakarta, sai a ba ta sunan wata rijiya ko wani wuri inda ta fito fili sosai.

Duwatsun Abzin su ne tsofaffi. A yamma da kudu da su ƙasa ta lotsa, ta zama wani ƙaton kwano da masana suke kira kwarin Iwillimmeden, wanda ya taso daga Mali da Aljeriya ya ratsa Nijar har Sakkwato. Shekaru miliyoyi ruwa yana kankare duwatsu yana zuba yashi da laka a cikin wannan kwano, hawa bisa hawa. Daga cikin shimfiɗun can ƙasa akwai waɗanda ake haƙar gawayi a cikinsu a Anu Araren, da waɗanda ake haƙar uraniyom a Arlit. Shekarunsu sun haura miliyon 300, sun riga dinozor zuwa duniya. A bisansu, bayan wasu hawa, akwai jan yumɓun Irazer, wanda ya yi shimfiɗa a filayen Ingal. A bisan yumɓun Irazer kuma sai rukunin duwatsun yashi da ake kira Tagama. Matafiyin da ya taso daga Damagaram ko daga Tawa zuwa Agadas yakan gangara daga wani dogon gefen dutse mai suna Tigidit; wannan gefe shi ne bakin duwatsun Tagama, filin da yake ƙasansa kuwa yumɓun Irazer ne.

Rukunin Tagama ya kasu uku. Na ƙasa shi ne Tazole, na sama Eshkar, na tsakiya kuwa Elraz, wanda ya fito fili a Gadufawa. Shi ne abin magana a nan.

Aikin gulabe

Kaurin shimfiɗar Elraz yana tsakanin mita 80 da 120. Ba ta yi tsauni ba, ba ta yi kwazazzabo ba. Ta kwanta ne kusan daidai da ƙasa, ta miƙe kamar ɗamara tsawon fiye da kilomita 100, tuddan rairayi sun rufe mafi yawanta. Galibinta dutsen yashi ne, wato yashin da ya daɗe a danne har ƙwayoyinsa suka manne da juna. Ƙwayoyin manya ne da matsakaita, laka kaɗan ce a ciki.

Wannan kaɗai ya isa shaida. Iska ba ta ɗaukar yashi mai gauraye da tsakuwa, tafki mai kwantaccen ruwa kuwa laka yake ajiyewa. Ruwa mai gudu ne yake kawo irin wannan yashi. Akwai kuma shaida ta biyu. Wanda ya duba gaɓar Gulbin Maraɗi bayan ruwa ya janye, inda masu ɗibar yashi suka yanka, zai ga siraran layuka a karkace, jeri bisa jeri, duk sun sunkuya wajen da ruwa ya nufa. Irin waɗannan layuka ne cike da duwatsun Elraz. Da su masana suka tabbatar cewa manyan gulabe ne suka ratsa wurin, suna sauya hanya, suna barin tsibiran yashi, suna ambaliya a kan fadamu.

Shaida ta uku ita ce halittun da aka tarar a ciki. Akwai ɓawon ƙumbar ruwan daɗi, da ƙoƙon kunkurun ruwa iri-iri, da ɓamɓarokin kifi, da haƙoran wani kifi ɗan uwan gaiwa, wadda har yau masunta suke tonowa daga busasshiyar laka. Inda yau ɗigon ruwa ya fi zinariya tsada, a da kifi ne yake iyo.

Shekarun shimfiɗar kuwa an gane su ta hanyar duba abin da yake ƙarƙashinta da abin da yake bisanta, da kuma gwada dabbobinta da na wasu ƙasashe inda aka riga aka auna shekarun duwatsu. Lissafin ya tsaya a kan shekara miliyon 110 zuwa 120, a cikin zamanin da masana suke kira Kiretase, wato kashi na ƙarshe na zamanin dinozor. Wannan adadi ya fi ƙarfin tunani. Da mutum zai zauna yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, lamba guda a kowace daƙiƙa, dare da rana ba barci ba cin abinci, sai ya shekara uku da rabi kafin ya kai miliyon 110.

Yadda ƙashi yake zama dutse

Dabbar da ta mutu a fili ba ta barin komai. Masu cin mushe su ɗauki rabonsu, rana da ruwan sama su ƙarasa sauran. Amma in ta mutu a bakin gulbi, ambaliya ta zo ta binne ta da wuri, ƙasusuwanta sukan tsira. Yashi ya yi ta taruwa a kansu. Ruwan da yake ratsa ƙarƙashin ƙasa, mai ɗauke da narkakkun ma'adinai, ya yi ta shiga ƙananan kafofin ƙashin yana cike su, har ƙashin ya yi nauyi da tauri irin na dutse, siffarsa kuwa ba ta sauya ba. Haka itatuwa ma suke yi. A wajen Tigidit akwai gungumomin itatuwa kwance waɗanda suka zama dutse, ana ganin zanen jikinsu sarai.

Bayan binnewa sai tonowa. A Gadufawa iska ce mai tono. Tana kwashe rairayi tana goge dutse, sannu a hankali, har ƙashin bayan dabba ya fito a jere a kan ƙasa kamar an shirya shi da hannu.

Masu neman uraniyom suka buɗe hanya

Makiyaya da madugan ayari sun san da manyan ƙasusuwa a hamada tun kafin zuwan Turawa. A wajen Abzinawan Ingal da Marandet akwai labarin wata halitta mai suna Jobar da ake dangantawa da su. Binciken kimiyya kuwa ya fara ne da wani malamin Faransa, Albert-Félix de Lapparent, wanda ya yi tafiye-tafiye a Sahara daga 1946 zuwa 1959, sau da yawa a kan raƙumi, ya wallafa sakamakon aikinsa a 1960. A cikin shekarun nan ne wani masanin duwatsu, Hugues Faure, mai zana taswirar duwatsun gabashin Nijar, ya tsinci manyan haƙoran kada a shimfiɗar Elraz.

A 1964 ma'aikatan hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, wadda aka sani da CEA, suna yawon neman uraniyom, suka ci karo da ƙoƙon kan wata irin kada da ba a taɓa ganin mai girmanta ba. Aka aika da labari gidan nazarin halittu na birnin Paris, aka turo wani saurayi ɗan shekara 24 mai suna Philippe Taquet. Ya isa Gadufawa a farkon 1965, kuma daga wannan shekara zuwa 1972 ya jagoranci tafiye-tafiyen bincike biyar a wurin. Bayan shekaru, a 1997 da 2000, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta Amurka ya koma filin, tare da haɗin gwiwar masana ƴan Nijar. Sunayen Bube Gado, da Umaru Ide, da Abdullahi Maga, da Burahima Musa suna cikin jerin marubutan takardun kimiyyar da suka bayyana waɗannan dabbobi ga duniya.

Sarkin kadoji

Wancan ƙoƙon kai na 1964 shi ne France de Broin da Taquet suka raɗa wa suna Sarcosuchus imperator a 1966. Kashin farko na sunan yana nufin kada mai cin nama, na biyu yana nufin sarkin sarakuna. Ba dinozor ba ce, dangin kada ce, ko da yake kadojin yau ba daga tsatsonta suka fito kai tsaye ba. Kan babba daga cikinsu ya kai mita 1 da santimita 60, wato kusan tsayin mutum. Bakin dogo ne, da haƙora kusan 130, a ƙarshen hancin kuma akwai wani kumburi kamar ƙoƙo. Bayanta a rufe yake da faranta na ƙashi jere biyu, tun daga wuya har wutsiya.

A 2001 Sereno da abokan aikinsa suka ƙiyasta tsawonta ya kai mita 11 zuwa 12, nauyinta tan 8. Wani lissafi da aka sake yi a 2019 ya rage adadin zuwa mita 9 ko 9 da rabi, da tan 4 ko kusa da haka. Ko da ƙaramin lissafin aka ɗauka, ta ninka babbar kadar kogin Kwara sau biyu a tsawo. Da aka yanka ɗaya daga farantan bayanta aka duba, sai aka ga zobba irin na gungumen itace, kowace shekara da nata. Ƙirgar zobban ta nuna dabbar takan yi shekara 50 zuwa 60 tana girma.

Mai tozo da mai haƙora 500

Dinozor na farko da ya fitar da sunan Gadufawa shi ne Ouranosaurus nigeriensis. An ga ƙasusuwansa a 1965, aka kwashe su a 1966, Taquet ya bayyana shi a 1976. Ya ɗauko sunan ne daga kalmar da mutanen hamada suke kiran damo da ita, ya haɗa da sunan Nijar. Mai cin ganye ne, tsawonsa mita 7 zuwa 8, bakinsa mai faɗi kamar na agwagwa, babban yatsansa na hannu kuma tsinke ne mai kaifi. Abin da ya bambanta shi shi ne ƙasusuwan gadon bayansa, waɗanda suka miƙe sama kamar shinge, mafi tsawonsu ya haura santimita 60. Masana sun rabu biyu a kan amfaninsu. Wasu sun ce fata ce ta lulluɓe su, dabbar tana shan rana ko iska da ita don daidaita zafin jiki. Wasu sun ce tozo suka riƙe, irin na raƙumi ko na sa, inda ake ajiye kitse don lokacin wahala.

Wanda ya ɗauki sunan ƙasa kacokan shi ne Nigersaurus taqueti, wato ƙadangaren Nijar na Taquet, wanda aka raɗa wa suna a 1999. Yana cikin dangin dinozor masu dogon wuya da ƙafafu huɗu kamar ginshiƙai, amma shi ƙarami ne a cikinsu: mita 9, nauyinsa bai wuce na giwa ba. Ƙasusuwansa suna da yawa a Gadufawa, sai dai an daɗe ba a fahimce shi ba saboda rashin ƙwarinsu. Ƙasusuwan bayansa cike suke da kogunan iska, wasu na kansa kuwa don sirantaka har haske yana ratsa su.

Bakinsa ne abin mamaki. Ya fi sauran kan faɗi, gabansa a miƙe yake kamar bakin fartanya, haƙoran duka sun jeru a gaba. A muƙamuƙin sama akwai layi 68, a na ƙasa 60, kuma a bayan kowane haƙori mai aiki akwai wasu a jere cikin ƙashi suna jiran lokacinsu. In aka haɗa duka sun haura 500. Bincike ya nuna kowane haƙori yakan yi kwana 14 ne kawai, ya faɗi, na bayansa ya maye gurbinsa. Dalilin wannan gaggawa shi ne abincinsa. Yana kiwo ne dab da ƙasa, yana yankar ƙananan tsire-tsire masu laushi na fadama, yashi yana shiga bakinsa yana cinye haƙoran. Makiyayi ya san yadda haƙoran tsohuwar saniya suke ƙarewa; wannan dabba an hore mata maganin abin tun daga halitta.

Akwai kuma Lurdusaurus arenatus, wanda aka tono a 1965 amma bai sami suna ba sai 1999. Jikinsa mai kauri ne, ƙafafunsa gajeru, cikinsa kusa da ƙasa, tsawonsa mita 9, nauyinsa ya haura tan 5. Saboda wannan siffa ake zaton zamansa ya yi kama da na dorina.

Masu farauta

Inda masu cin ganye suka yi yawa, masu cin nama ba sa nisa. A 1997 wani ɗan ayarin Sereno, David Varricchio, ya ga wani ƙaton farce mai lanƙwasa kamar lauje a kan rairayi. Da aka tona sai aka sami mafi yawan jikin dabbar da aka kira Suchomimus tenerensis a 1998, wato mai kama da kada na Tenere. Dinozor ne mai tafiya da ƙafa biyu, tsawonsa mita 10 zuwa 11. Bakinsa dogo ne siriri, da haƙora fiye da 100 masu siffar tsinke, waɗanda suka fi dacewa da riƙe abu mai santsi bisa ga yanka nama. Hannuwansa ƙarfafa ne, kowanne da wancan farce a babban yatsa. Masunci ne, kuma gulaben Elraz suna da kifayen da za su ƙosar da shi.

A 2008 aka bayyana wasu masu cin nama biyu daga guntayen ƙasusuwa, Kryptops da Eocarcharia. Ƙananan dabbobi ma ba a bar su a baya ba. Akwai ɗan ƙaramin dinozor mai gudu da aka ba sunan shimfiɗar kanta, Elrhazosaurus, da wata ƴar kada mai bakin agwagwa, Anatosuchus, wadda tsawonta bai kai mita ɗaya ba.

Zumuncin Tenere da Barazil

Babban darasin Gadufawa ya wuce girman dabbobinta. A 1977 Eric Buffetaut da Taquet suka gano cewa wasu ƙasusuwan kada da aka tono tun ƙarni na 19 a jihar Bahiya ta ƙasar Barazil na dangin Sarcosuchus ne. Wani babban kifi mai suna Mawsonia, wanda aka fara bayyanawa daga Barazil a 1907, shi ma an same shi a Gadufawa. Haka kuma wata ƙaramar kada mai dogayen ƙafafu, mai yawo a tudu, Araripesuchus, an fara saninta a arewa maso gabashin Barazil a 1959, sai ga ƴar uwarta a shimfiɗar Elraz.

Kadar gulbi da kadar tudu ba za su iya ƙetare tekun Atlantika ba, mai faɗin kilomita dubbai. Amsar ita ce, a wancan zamani tekun bai gama buɗewa ba. Afirka da Amurka ta Kudu ƙasa ɗaya ce, ƙusurwar Barazil tana cikin lungun gaɓar Gine kamar murfi da tukunya. Tsagewar ta faro daga kudu tana hawowa arewa, kuma ba a rabu sarai ba sai wajen shekara miliyon 100 da suka wuce. Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya kawo wannan ra'ayi na tafiyar nahiyoyi a 1912, aka yi ta yi masa dariya har ya mutu. Don tunawa da shi ne Buffetaut ya kira ƙaramar kadar Gadufawa Araripesuchus wegeneri a 1981.

Wannan tsagewa ta taɓa Nijar ta wata hanya. Ƙarfin da ya raba nahiyoyin biyu ya tsattsaga cikin Afirka, ya buɗe zurfafan kwaruruka a gabashin ƙasar, suka cika da laka da yashi. A cikin ɗayansu, kwarin Termit, ake haƙo man fetur na Agadem tun 2011.

Teku, sannan hamada

Zamanin gulaben Elraz ya wuce, yashin Eshkar ya rufe su. Bayan haka, wajen shekara miliyon 95 da suka wuce, teku ya malalo ya rufe babban yanki na Nijar. Shaidarsa tana nan a tuddan Damargu kusa da Tanut, inda ake tsintar ɓawon dodon koɗin teku da ya zama dutse. Teku ya ja da baya ya sake dawowa fiye da sau ɗaya, kuma farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza ajiyarsa ce ta baya. Dinozor kuwa sun ƙare a duniya shekara miliyon 66 da suka wuce, ba su bar zuriya ba sai tsuntsaye.

Ɗan Adam bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan dabbobi da rai ba. A shekarar 2000 ayarin Sereno, yana neman dinozor, ya tarar da wata tsohuwar maƙabarta a Gobero, cikin wannan yanki, mai kaburbura wajen 200, na mutanen da suka zauna a bakin wani tafki suna kamun kifi. Mafi tsufansu bai kai shekara 10.000 ba. In aka gwada da shekarun Elraz, mutanen Gobero baƙin jiya ne.

Duwatsun Tagama suna da wani amfani da ya shafi rayuwar yau. Dutsen yashi yana da ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyinsa, yana riƙe ruwa kamar soso. Rijiyoyi masu zurfi da foraj da yawa a arewacin Tawa da Damagaram daga irin waɗannan shimfiɗu suke sha. Yashin da gulaben da suka ajiye shi ne randar makiyayin yau.

Abin da yake wuyan kowa

Iskar da take tono ƙasusuwan ita ce kuma take hallaka su. Ƙashin da ya kwana shekara miliyon 110 a binne, in ya fito fili, zafin rana da sanyin dare sukan farfasa shi, rairayi ya goge shi, cikin ƴan shekaru ya zama gari. Wannan asara ce da ba a iya hana ta sai da yawan bincike a kan lokaci.

Asarar da hannun mutum yake jawowa ta fi ciwo, domin ita ana iya hana ta. Mai tsintar haƙori ko farce ya sayar wa baƙo yana ganin ya sami na cefane, amma abin da ya ɓata ya fi abin da ya karɓa nesa ba kusa ba. Darajar ƙashi tana tare da wurin da ya kwanta. Kafin masana su ɗaga ƙashi ɗaya, sukan auna wurin, su zana yadda kowane ƙashi yake kwance da maƙwabcinsa, su rubuta hawan dutsen da yake ciki. Sannan su share shi da burushi da basilla, su shafa masa gam don ya yi ƙwari, su naɗe shi tare da dutsen da yake riƙe da shi cikin tsumman buhu da farin garin da likita yake ɗaure karaya da shi. Buɗe wannan ɗauri da tsabtace abin da yake ciki yakan ci watanni, wani lokaci shekaru. Ƙashin da aka fizge aka jefa a buhu ya zama kamar takardar da aka yage daga littafi: ba a san abin da ya gabace ta ba, ba a san abin da ya biyo ta ba, littafin kuma ya nakasa. Haka motar da ta bi ta kan jerin ƙasusuwa takan murƙushe cikin daƙiƙa ɗaya abin da ba za a sake samun irinsa ba.

Hukuma ta yi tanadi. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa gwamnati kiyaye kayan gadon ƙasa, kuma tono irin waɗannan abubuwa ko fitar da su waje sai da izini. A 2006 Nijar ta sa wuraren dinozor cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya, kamar yadda ta karɓi gandun Abzin da Tenere a 1991 da tsohon birnin Agadas a 2013. Amma doka a takarda take, hamada kuwa faɗi gare ta. Aikin yana hannun ma'aikacin duwan da zai buɗe akwati ya gane cewa dutsen da yake gani haƙori ne, da jandarma a kan hanya, da hakimi ko shugaban rugar da za a kawo wa labari. Makiyayi ko direban da ya ga ƙashi a ƙasa, abin da ya fi shi ne ya bar shi inda yake, ya riƙe alamar wurin, ya sanar da hukuma mafi kusa.

Saura batun ilimi. Ƙasusuwan Ouranosaurus na farko, bayan an gama nazarinsu a Paris, an maido su Yamai, gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Wani Ouranosaurus ɗin yana tsaye a birnin Venise na Italiya tun 1975. Da yawa daga waɗanda aka tono daga 1997 zuwa yau an kai su Shikago don a gyara su a yi nazari, amma lambar da aka rubuta wa kowannensu tana farawa da haruffan gidan kayan tarihi na Yamai, shaidar cewa na Nijar ne kuma gida za su dawo. Dawowarsu tana bukatar ɗakunan ajiya da ba sa yoyo, da kayan aiki, da ƴan ƙasa da suka koyi gyaran ƙashi da karatun dutse. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Masana baƙi sun yi aiki mai yawa, sun cancanci godiya, amma ƙasar da take da Gadufawa ya kamata a ce tana da nata masanan da yawa, daga jami'o'in Yamai da Agadas da sauran jihohi.

Wannan kuwa daga aji yake farawa. Malamin lakwal da ya kai ɗalibansa gidan kayan tarihi, da malamin yaƙi da jahilci da ya karanta wa manya wannan labari, da uban da ya amsa tambayar ɗansa game da dutsen da ya tsinta, duk suna cikin masu tsaron Gadufawa, ko da ba su taɓa taka Tenere ba. Gani ya kori ji: wanda hanya ta kai shi Yamai, ya ratse gidan Bubu Hama ya tsaya a gaban waɗannan ƙasusuwa, ya auna kansa da su.